Yadda nake markaɗa kabewa in adana ta a zafin Legas

Kabewa ba ta son Legas. A Zariya inda na tashi, in kaka ta yi akan jera su a ƙuryar ɗaki ko a gindin rumbu su yi watanni ba abin da ya same su, in ma an yanka ɗaya sai a kife sauran, a riƙa gutsura har ta ƙare. A nan kuwa da zarar wuƙa ta shige ta, kwananta ya kusa ƙarewa. Ki yanka yau da safe ki ajiye rabi, gobe fuskar yankan ta fara santsi, jibi fumfuna ta yi mata fari. Laimar garin ce da zafinsa, iskar nan mai ɗauke da ruwan teku ba ta barin komai ya bushe. Ga gidana ba babba ba, ni da maigida da yara, sai surukata Hajiya da kan zo daga gida ta yi mana 'yan makonni. Kabewa guda ta fi ƙarfin tukunyarmu. Sayen yanka-yanka a wurin masu kayan miya na unguwa kuwa ga tsada, ga shi ba kullum ake samu ba, domin maƙwabtanmu Yarabawa ba su cika sa ta a miya yadda muke yi ba. Shi ya sa na koma sayen guda sukutum, in dafa ta duka a yini ɗaya, in markaɗa, in ƙulla a leda in jefa firiza.

Aikin ba shi da wuya, amma duk nasararsa a kan ruwa take. Kusan kashi 90 cikin 100 na kabewa ruwa ne. Tun daga zaɓe a kasuwa har zuwa ƙullin ƙarshe, abin da ake yi bai wuce korar wanda ke cikinta da hana wani shiga ba. Wadda ta yi sakaci da wannan za ta cika firizarta da ƙanƙara mai launin kabewa, ranar miya kuma ta rasa kaurin da take nema.

Kasuwar Mile 12 nake zuwa. Daga Agege ina bi ta Ogba in ɓulla Ojota, in wuce Ketu, kasuwar tana nan a kan titin Ikorodu. Nan ne manyan motocin Arewa ke sauke tumatir da albasa da tattasai da attaruhu, Hausa kuma ta ishe ki ciniki daga bakin ƙofa har ƙurya. Sammako ake yi, don in rana ta ɗaga cunkoson 'yan dako da masu baro ba ya barin mutum ya tsaya ya duba kaya a tsanake. In an yi ruwa da dare kuwa, a sa takalmin da ba a jin tausayinsa. Lokacin da kabewa ta fi yawa ta fi araha shi ne bayan damina ta ɗauke a Arewa, daga wajen Oktoba zuwa ƙarshen shekara, kuma a lokacin ne nake yin wannan aiki da yawa.

Wani dattijo nake saya a wurinsa, mutumin ƙasar Kano, ya daɗe a kasuwar. Da na isa muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi maigida da yara, sai ya nuna mini wata ƙatuwa da mutum ɗaya ba zai ɗaga ba sai da nishi.

"Hajiya, ga ta gidan biki nan."

"Baba, ba biki nake ba. Ta ajiya nake so, mai tsoka, wadda ba ruwa."

Ya yi dariya ya ce to ai na san kan abin, ya tura ƙatuwar gefe ya fara mirgino matsakaita. Manyan nan suna burge ido, amma sau da yawa rami ne a ciki da zare-zare, tsokar kuma sakwaf. Matsakaiciya wadda in kin ɗaga za ki ji ta fi girmanta nauyi, ita ce abin nema. Na danna farce a ɓawon, bai shiga ba, alamar ta ƙosa a gona kafin a cire ta. Na duba kututturen kanta inda aka yanke ta daga yaɗo, ya bushe ƙamas kuma bai fita ba. Wannan wurin da muhimmanci, domin in kututturen ya ɓalle ta nan ruɓa ke fara shiga. Na juya ta na shafa ko'ina ina neman inda ya yi taushi ko inda ta bugu a mota, tafiyar daga Arewa zuwa nan ba ƙarama ba ce, kuma ba lallaɓa kayan ake yi ba wajen lodi. Daga ƙarshe na roƙi Baba ya nuna mini wata da aka riga aka yanka daga cikin lodin. Tsokarta ja ce sosai, mai kauri, ba ta tsatsafar da ruwa. Launin nan ba ado ba ne kawai: sinadarin da ke ba ta wannan ja shi ne jiki ke juyawa ya zama bitamin A, don haka mai koɗaɗɗen ciki ba ta kai ta amfani ba, ba ta kai ta zaƙi ba. Muka yi ciniki, ya ce albarka, na ƙara kaɗan, ya sallama. Ɗan dako ya kai mini bakin titi.

Da na dawo gida abin da na fara yi shi ne wanka mata. Soso da ruwa mai yawa, har cikin lungunan ɓawon. Wasu kan ce ai ba ɓawon za a ci ba, amma wuƙar da ta ratsa ɓawo ita ce za ta ratsa tsoka, duk ƙasar gona da taɓon kasuwa da ke waje za ta ja su ciki. Na goge ta da tsumma ta bushe, don jiƙaƙƙiyar kabewa zillewa take yi a hannu.

Yankan shi ne wurin haɗari. Na shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a ƙasa na ɗora katakon yanka a kai don kada ya zame, na zauna a kujera 'yar tsugunno. Ba a bi ta kan kututturen, ya fi ƙarfin wuƙar gida. A gefensa ake soka tsinin babbar wuƙa, a danna ƙasa har gindi, a zare, a juya ɗaya gefen a yi haka, sannan a sa hannu biyu a ɓare. Inda wuƙar ta cije sai na ɗan bubbuga bayanta da muciya maimakon in sa ƙarfi. Yara kuma na kore su falo tukuna.

Kafin komai na yanki ɗan ƙaramin gutsure ɗanye na ɗanɗana. Wannan al'ada ce da nake so kowa ya riƙe. Ba kasafai ake cin karo da kabewa mai ɗaci ba, amma akan samu, kuma ɗacin na wani sinadari ne mai guba da dangin kabewa da duma ke yi. Wuta ba ta kashe shi, sukari ba ya gyara shi, yana sa amai da gudawa mai tsanani. In harshe ya ji ɗaci, a tofar, a zubar da ita gaba ɗaya, kada a yi tunanin kuɗin da aka biya. Tawa dai lafiya lau, har da ɗan gardi.

Na sa babban cokali na kwashe hanjin da 'ya'yan na zuba a roba daban, na kankare cikin har ya yi sumul. Sai na yayyanka ta manya-manya, kowane yanki ya kai tafin hannu, ban fere ba.

Hajiya tana zaune a kan tabarma tana jan carbi tana kallona. Can ta kasa haƙuri.

"Ke 'yar nan, haka za ki dafa ta da ɓawonta? Miƙo mini wuƙa in taya ki."

"Ki huta, Hajiya. In ta dahu da kansa zai saki."

"To, Allah ya nuna mana."

Ban ga laifinta ba, don duk wadda ta yi miyar taushe a gida ta san ferewa ake yi, a yanka ƙanana, a jefa cikin ruwan nama ta dahu a farfasa da ludayi. Hakan daidai ne in yau za a ci, tunda ruwan da ta dahu a ciki shi ne miyar, ba abin da ya tafi a banza. Ta ajiya kuwa hukuncinta daban. Feren ɗanyar kabewa yana cin lokaci, yana cin tsoka, yana cin yatsa, ɓawon kuma yana riƙe yankan kada ya narke ya sha ruwa a tukunya.

Hanyoyin dafawa uku ne, kuma ba ɗaya suke ba a wurina. Tafasawa cikin ruwa ita ce ta baya. Tana da sauri, amma kabewar za ta ƙara shan ruwa a kan wanda take da shi, zaƙinta kuma ya tsere cikin ruwan da za a tsiyaye. Turarawa ita ce ta kullum. Gashi kuma shi ne sarki, sai dai yana cin gas, kuma duk mai cika tukunyar gas a garin nan ya san yadda ake ji. A wannan karon raba ta na yi: kashi biyu na turara, kashi ɗaya na gasa, don ina da niyyar yin kek da ita.

Na ɗora madambaci da ruwa kaɗan a ƙasa, yadda ko ya tafasa ba zai taɓo kabewar ba. Wadda ba ta da madambaci, gwagwar ƙarfe a kan tukunya ta wadatar, a naɗe bakin da tsumma don kada tururi ya gudu. Na jera yankan ɓawo yana sama, saboda ruwan da ke ɗiga daga murfi ya gangare ta bayansu maimakon ya taru a cikinsu. Daga lokacin da tururi ya tashi, minti 20 zuwa 25 ne, gwargwadon kaurin yankan. Ba a yi da agogo kaɗai ba, cokali mai yatsu ake sokawa a wuri mafi kauri, in ya shige ba gardama ta yi. A sauke nan take. Barin ta a kan wuta bayan ta dahu ba ya ƙara mata komai sai ruwa.

Ta gashin kuma na shafa wa tire ɗan man gyaɗa, na kife yankan fuskarsu ƙasa, na sa a oben mai zafin digiri 200. Takan ɗauki minti 45 zuwa awa 1. A nan ne ake ganin bambanci da ido: ruwan yana fita yana ƙonewa a tire, ɓawon ya yamutse, gefen tsokar ya yi ja-ja-baƙi, ƙamshi ya cika gida har maƙwabta su leƙo. Zaƙinta yana ƙaruwa tunda ruwa ya ragu sukarin cikinta ya tattaru. Wadda ba ta da oben kada ta ce ba da ita ake ba. Dabarar da muke gasa kek da ita tana yi: babbar tsohuwar tukunya, a zuba yashi mai tsabta ko tsakuwa a ƙasa, a ɗora a kurfoti ta yi zafi, a sa faranti a kai da kabewar, a rufe, a ɗora ɗan garwashi a kan murfin. Sai dai a riƙa dubawa, don gawayi ba shi da ma'auni.

Da suka ɗan huce yadda hannu zai iya taɓawa, na sa cokali tsakanin ɓawo da tsoka. Sulluɓ, ya rabu. Na miƙa wa Hajiya ɗaya ta gani. Ta juya ɓawon a hannu, siriri ba tsoka ko kaɗan a jikinsa, ta ce, "Ikon Allah. Mu dai mun sha wahalar banza." Daga nan ta jawo roba ta karɓi aikin, ni kuma na koma kan markaɗe.

Ga wata shawara da nake ba kowa: kada a kai ta injin markaɗe na unguwa. Injin da ya wuni yana cin attaruhu da wake ba zai ba ki kabewa mai tsabtar ɗanɗano ba, ko an ce an wanke, kuma mai injin ba zai iya tura ta ba sai ya bi ta da ruwa kofi bayan kofi, ruwan da ba ki san daga ina aka ɗebo shi ba, a kan abin da ya riga ya dahu. A gida ake yi. In akwai wuta, bilenda, kaɗan-kaɗan, kada a cika ta fiye da rabi, kuma kada a zuba da zafinta sosai don tururi na iya cilla murfin sama. In ta cije a kashe, a juya da cokali, a sake kunnawa. Hannu zai riƙa kaiwa ga kofin ruwa, a hana shi. In ba wuta, ba a fasa ba: dafaffiyar kabewa ba ta da taurin kai, muciya ko bayan ludayi ya isa ya dame ta, ko a kirɓa a turmi mai tsabta wanda ba na yaji ba. Ta miya ma na fi son ta muciya, don taushe ba ta son laushin da ya wuce kima. Ta jariri da ta kek su ne nake bi da su ta rariya, ina dannawa da bayan cokali, zaren ya tsaya a sama.

Ta gashi da na markaɗa ta tsaya cak a cokali, ba ta bukatar komai. Ta turare kuwa da na bar ta a roba ɗan lokaci sai ga ruwa ya fara kewaye ta. Na shimfiɗa kyallen tatar koko a cikin rariya, na ɗora a kan kwano, na juye ta a ciki. Cikin rabin awa ruwan da ya ɗiga ya ba ni mamaki duk da na saba gani. Ba a matsewa da ƙarfi, in aka matse tsokar ce za ta biyo. Ruwan nan kuma ba na zubarwa ba ne, yana da zaƙi da launi, da shi na dafa shinkafar rana. Wata hanyar, in ana sauri ko babu kyalle, a mayar da ita tukunya mai faɗi a kan wuta kaɗan, a yi ta juyawa da muciya har ta yi kauri kamar talge, in an ja muciya a ga gindin tukunya kafin ta rufe. Tana tsalle tana fantsama, a sa riga mai dogon hannu. Kabewar da ta kai kilo 5 a kasuwa, bayan an cire hanji da ɓawo da ruwa, abin da ya rage mini bai kai rabin nauyin ba. Kada wannan ya tayar da hankali, ludayi ɗaya nata yana aikin biyu na mai ruwa.

Daga nan sai gudu da lokaci. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada dafaffen abu ya wuce awa 2 a waje, in zafin wuri ya haura digiri 32 kuwa awa 1 ne kacal. Kicin ɗin gidan haya a Agege, da rana, ga madambaci ga oben, ba sai an auna ba. Don haka ba na barin ta a tukunya mai zurfi ta huce da kanta, tsakiyarta za ta daɗe da ɗumi, ɗumin nan kuma shi ƙwayoyin cuta ke so. Na baza ta a manyan farantai, na ɗora su a kan baho mai ruwan sanyi, ina juyawa. Ba gishiri, ba magi, ba sukari, ba mai. A bar ta yadda Allah ya yi ta, don ba ki san ko miya za ta shiga ko cikin jariri ba.

Na auna kofi biyu-biyu a leda mai zif, daidai tukunyar miya ɗaya ta gidana, na fitar da iskar, na danne ta yi faifai, na rubuta kwanan wata a jiki. Ta jariri na zuba a farantin ƙanƙara mai gida-gida, da ta daskare na ɓalle na tara a leda guda. A firiji kwana 3 zuwa 4 take yi, ba ƙari. A firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili tana iya yin watanni masu yawa, amma wannan lissafin na inda wuta ba ta ƙiftawa ne. Mu nan ina ƙoƙarin in cinye cikin wata 3. Abin da ke taimaka mini shi ne cika firizar: duk inda ya rage fili sai in cusa ledojin fiya wata su daskare, kabewar kuma a can ƙasa. Cikakkiyar firiza in ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi kusan awa 48 bayan an ɗauke wuta, mai rabi kuwa wajen awa 24. Firiji shi awa 4 ne kawai. Ranar da aka ɗauke wuta dokar gidana ita ce ba mai ɗaga murfin, ko maigida ne yake neman ruwan sanyi. In wuta ta dawo na taɓa leda na ji da sauran ƙanƙara a ciki, ta ci gaba da zamanta. In ta narke amma da sanyinta sosai, ranar ake miya. In ta narke har ta yi ɗumi, ko ledar ta kumbura, ko ta yi tsami, sai bola.

Ina cikin ƙulli maƙwabciyata Maman 'yan biyu ta shigo, ƙamshin gashin ne ya jawo ta. Ta ga ledoji jere, ta riƙe haɓa.

"Yaya, duk wannan wahalar da firiza, ga wutar nan tamu? Ki zuba a kwalbar Bama mana ki tafasa, yadda muke yi wa tumatir. Shekara sai ta yi a kan kanta."

Na ce mata ta zauna, don maganar ba ta tsaye ba ce, kuma na san mata da yawa za su yi wannan tunanin. Dabarar kwalba tana yi wa tumatir ne saboda tsaminsa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa, wadda ƙwayayenta ba sa mutuwa a tafasasshen ruwa mai digiri 100. Ba ta iya tsiro a abu mai tsami, shi ya sa tumatir ke tsira, shi ma ɗin masana sun ce a ƙara masa ruwan lemon tsami don wani tumatirin tsaminsa bai kai ba. Kabewa kuwa ba ta da tsami. Ki zuba ta a kwalba, ki tafasa, ki toshe, kin kori iska kin bar ƙwayar da rai, kin ba ta ɗaki mai ɗumi da abinci, abin da take nema ke nan. Gubar da take fitarwa tana shanye jijiyoyi, ta fara da ido da maƙogwaro, ta kai ga numfashi. Abin tsoron shi ne ba lallai kwalbar ta yi wari ko ta canja launi ba. Kashe ƙwayar sai da zafin da ya kai digiri 116 zuwa 121, wanda sai tukunya mai matsin tururi ta musamman ke bayarwa. Ko a Amurka inda ake da irin tukwanen a gidaje, hukumar aikin gona ta ƙasar ta ce kada a adana markaɗaɗɗiyar kabewa a kwalba a gida, saboda kaurinta ba ya barin zafi ya ratsa har tsakiya. Ta gwangwani da ake gani a manyan kantunan Ikeja da Lekki a masana'anta aka yi ta, da injinan da ba mu da su a kicin.

Maman 'yan biyu ta ce, "Subhanallahi, da tuni na yi." Hajiya daga kan tabarma ta ce ai su a gida shanyawa suke yi, a yanka siri-siri a baza a rana lokacin hunturu. Gaskiya ne, amma hunturun Legas 'yan kwanaki ne, wata shekarar ma sai dai a ji labarinsa, abin da aka shanya kafin ya bushe ya yi fumfuna. Wadda ba ta da firiza a garin nan, abin da ya fi mata shi ne su haɗu su uku ko huɗu su sayi guda su raba, kowa ta dafa nata a ranar.

Da yamma na yi taushe da leda ɗaya da ban sa a firiza ba. A nan ne ake cin ribar wahalar. Nama da ƙashi sun dahu da albasa da daddawa, na zuba jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir, suka soyu, sannan kabewar, sai markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Tunda kabewar ta riga ta dahu ba a sa ta da wuri, minti 10 ya ishe ta ta haɗa jiki da sauran, sai yakuwa da alayyahu a ƙarshe. In daga firiza aka ɗauko ma ba sai an jira ta narke ba, a yage ledar a jefa faifan cikin tukunya. Miyar da kan cinye rabin yini sai ga ta kafin tuwon shinkafa ya gama turara. Hajiya ta ci ta ce gyaɗar ta ɗan yi yawa, kabewar dai ba ta ce komai a kanta ba, wanda a wurinta yabo ne.

Autana ya shiga wata na 7, ya fara cin abinci bayan wata 6 na nono zalla yadda ake faɗa mana a asibiti. Ƙanƙara ɗaya ko biyu nake narkarwa a ƙaramar tukunya har ta yi zafi sosai, in bari ta huce, in dama da ɗan nono ko in zuba a kununsa. Ina ɗiga ɗan mai kaɗan, domin sinadarin bitamin A ɗin nan sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukarsa da kyau. Ba gishiri, ba sukari, zuma kuwa sai ya cika shekara. Abin da ya rage a kwanonsa ba ya komawa firiji. Kabewa kaɗai ba ta ƙosar da yaro, ruwa ne da ɗan zaƙi, don haka rakiya take yi wa kunun gyaɗa da wake da ƙwai, ba ta maye gurbinsu.

Ta gashin kuma ita ce ta fulawa. Ina zuba ta a kwaɓin fanke da na kek, in rage ruwa ko madarar da aka saba sawa tunda ta zo da nata danshin, in ƙara kirfa da citta da ɗan kanumfari. Har a dafa-duka nakan jefa ludayi guda in tumatir ya yi tsada, tana ba da launi da kauri, sai dai kada a wuce haka don zaƙinta zai fito.

'Ya'yan da na ware tun farko na wanke su a rariya na cire zaren, na tafasa su minti 10 a ruwan gishiri, na tsane, na soya sama-sama a busasshen kasko a wuta kaɗan har suka fara ƙara suna tsalle. Ba a shanya su a bar su kwana a nan, laima za ta lalata su, a ranar ake gamawa da su. Manyan yaran suka cinye kafin isha'i, ƙaramin dai ba a ba shi don kada ya shaƙe. Ɓawon da hanjin kuwa Maman 'yan biyu ta kwashe ta kai wa tumakinta.